Gilashi Mai Lamba Ɗari da Arba'in da Uku

Shekara shida Ayuba ya yi a Yamai yana koyon aikin likita. Da ya komo garinsu Cadawa, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ya tarar tuta ta sake launi, kumandan Tasawa mai mulkin yankin ya zama baƙar fata, an yi wa lakol, makarantar boko, rufin kwano, an sare gawon da ke ƙofar gidansu. Iyayensa duka sun rasu. Yayarsa Tani ce ta rage masa, da ɗiyarta ta fari, Jummai, wadda ya bari a goye, yanzu har tana zuwa rijiya. Ya dubi duk wannan bai ji komai ba. Shi ma ya sake. Ya dawo da farar riga, da madubin ganin ƙwayoyin cuta a akwatin katako, da wani hali: abin da madubi bai nuna masa ba, to babu shi. Maganar mara lafiya kuwa surutu ce a wurinsa.

Ba zama ya kawo shi ba. Wani babban lokotoro a Maraɗi yana binciken zazzaɓin sauro, ya ce a ɗebo masa jinin yara ɗari biyu a gilasai kafin damina, wanda aikinsa ya fi kyau a tura shi Dakar ƙaro karatu. Ayuba ya sa Dakar a ransa.

A gidan likitan garin akwai tsoho Dikko, mai wanke gyambo tun zamanin Nasara, ba shi da takarda ko ɗaya. Shi yakan zauna da mara lafiya ya tambayi gona, ya tambayi awaki, kafin a zo kan ciwo.

"Baba Dikko, gaisuwar nan taka tana cinye mana yini," in ji Ayuba.

"Mushe Dakar," in ji Dikko, da "mushe" ɗin Faransawa mai nufin malam, "ai a cikin gaisuwar ciwon yake ɓoye. Madubin naka ya iya Hausa?"

"Ya iya gaskiya."

"To, Allah shi ba shi lafiya."

Ana tsakiyar bazara, wata safiya Tani ta shigo. Jummai na bayanta tana tafiya a hankali, ta rufe ido da hannu. Tani ta zauna nesa da yarinyar, ta kau da kai wajen bango.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Wagga ce jikinta ya ɗan yi ɗumi."

A ƙasar nan uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa a kansa gaban mutane, ko da cikinta na ƙuna. Kowa ya san haka. Ayuba ma ya sani tun yana ƙarami, amma shekara shida na cika takardu sun koya masa ɗaukar magana yadda ta fito. Ya ji "ɗan ɗumi", ya ga uwa ba ta tashi hankalinta ba, sai ya yi murna da samun jini na ɗari da arba'in da uku.

"Kawu, kaina," in ji Jummai.

"Miƙo yatsa, sarkin raki."

Ya soka, ya shafa a gilashi, ya leƙa madubi. Ga ƙwayoyin zazzaɓi nan, kamar yadda yake ganinsu a jinin rabin yaran garin, har masu wasa a waje. Ya ba da nibakin, maganin zazzaɓin sauro. Bai taɓa goshinta ba, bai taɓa wuyanta ba.

Washegari Tani ta zo ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa. Idon Ayuba na cikin madubi.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ku ci gaba da maganin."

Ya rubuta a littafi cewa lamba ɗari da arba'in da uku ta samu sauƙi. Tani ba ta tafi ba. Ta tsaya tana murza bakin zanenta har inuwa ta bar ƙofar, sannan ta juya. Dikko ya dawo daga ɗaurin wata karaya ya gamu da ita a hanya. Ya shigo bai ko cire takalmi ba.

"Mi Tani ta zo yi?"

"Ta ce da sauƙi."

"Ayuba, wa ka taɓa ji ya ce babu sauƙi? Uwar ɗiyar fari ta tako da ƙafarta sau biyu, ba ta aiko kowa ba, kai kana jiran ta yi maka kuka?"

Dikko ya fita ya nufi gidan Tani. Bai jima ba ya komo da gudu irin na tsofaffi.

"Wuyanta ya sandare kamar taɓarya. Sanƙarau ne. Ɗauko allura."

Allurar tana nan a kwaba tun jiya, tun shekaranjiya, taku uku daga inda Jummai ta zauna. Suka ruga gidan, Ayuba ya yi mata ita. Yarinyar ba ta ko motsa ba. Kafin la'asar ta cika.

Tani ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ayuba ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Yaya, ni ne ban duba ba."

"Kwananta ne ya ƙare," in ji ta. Can ta ƙara da cewa, "Na zaci ka gane. Kai ɗan gida ne."

Ya jira kuka ya zo masa, bai zo ba. Ya koma ya cika gilasai ɗari biyu, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Da ruwan farko ya sauka, takarda ta iso daga Maraɗi: aikinsa ya fi na kowa tsabta, an ba shi Dakar. Ya karanta sau biyu ya ninke.

Ranar tafiya Tani ta kawo masa dakuwa a ƙullin tsumma. Ya karɓa, ya sa a akwati kusa da madubin. Gilashi guda ne bai aika Maraɗi ba, mai lamba ɗari da arba'in da uku, ya sake wani a madadinsa. Na Jummai ɗin ya naɗe a auduga ya sa a aljihun farar rigarsa. Dikko ya ɗaura masa igiya a akwatin, suka tsaya bakin hanya suna jiran motar Maraɗi.

"Ya zuciyar?" in ji tsohon.

"Da sauƙi," in ji Ayuba.

Dikko ya daɗe yana dubansa, bai saki hannunsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, na'ura tana amsa abin da aka tambaye ta ne kawai. Madubin Ayuba bai yi ƙarya ba, shi ne bai tambayi mutum ba. Duk wanda Allah ya ba ilimin magani, ya ɗaga kai ya dubi wanda ke gabansa, ya taɓa jikinsa, ya saurari abin da kunya ta hana shi faɗi. Kuma kada neman gaba ya sa mutum ya mance yadda mutanensa suke magana, domin ranar da ya tuna, wataƙila ba sauran amfani.