Rabon Dutsen Ladingo

Dalilin da ya sa dutsen niƙa ke yin sulɓi, ba ya cin hatsi sai an koɗa shi, ku matso ku ji, yara. A da ba haka yake ba.

Can a wani ƙauye a gindin tsauni akwai wata mata, Ladingo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Jatau. Ba ta da dutse a gida, kullum sai ta bi maƙwabta aron niƙa, tana jira a tsugunne har masu gida su gama. Ran nan ta gaji, ta hau tsauni, ta hura wuta a kan wani falalen dutse, ta kwara masa ruwa, ya tsage. Ta miƙa hannu ke nan sai dutsen ya yi magana.

Ya ce, "Baiwar Allah, zan bi ki. Haƙorana ba sa dakushewa. Abu ɗaya na roƙa: garin da ya maƙale mini a haƙora rabona ne, kada a share."

Ta ce, "Na ji, na ɗauka."

Ta yi gammo ta sauko da shi, wuyanta kamar zai karye. Ta kwaɓa laka ta gina masa mazauni a madafa, ta karkata gabansa don gari ya zubo a ƙwarya, ta koma ta ɗauko ɗan dutsen da za a murza da shi. Da garin dutsen nan ta yi renon Jatau har ya yi gemu, ya yi aure, ya haifi 'yarsa Kande. Ita kuma tsufa ya bar mata haƙori ɗaya tal.

Wata shekara damina ta yi gardama, rumbu ya yi ƙasa. Jatau ya leƙo madafa ya ga dutse fari fat.

Ya ce, "Inna, mu muna auna tuwo, dutse yana cin gari?"

Shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa don kunya, balle ta ja da shi. Ta dai ce, "Kai wannan, alkawari ne."

"Da dutse? Lallai tsufa ya zo."

Ya sa tsintsiya ya share tas. Abin da ya tara bai cika tafin hannu ba.

Da safe Ladingo ta zuba gero ta murza, gero ya zame ya zubo ƙwarya yadda aka zuba shi. Ta shafa dutsen, sumul kamar bayan tasa. Ta ba shi haƙuri, ta barbaɗa masa gari, shiru. Kande kuwa tana ta kukan kunu.

Jatau ya jefo wani dunƙulen baƙin dutse gabanta. "Abin da ya ƙi lallashi ai ya ji duka. Sassara shi."

"Kai da ka share, ka sassara mana."

"Ni in durƙusa gaban dutsen niƙa? Aikin mata ne."

Ya saɓa fartanya ya fita. Ladingo ta dubi dutsen da ta ɗauko a ka, ta dubi jikarta da kuka ya dishe wa murya. Ta durƙusa ta fara dukansa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Dutsen ya ce, "Ashe ke za a sa? To, zan niƙa. Amma ƙarfin duka ba ya daɗewa, zan sake rufe baki. Haƙoran da kika kakkarya mini kuwa, a tuwonku za ku same su."

Da yamma aka yi tuwo. Jatau ya kai loma, ya ji ƙaras, ya tofar. Ya tura wa uwarsa akushin da ƙafa.

"Ci, Inna. Ke ba ki da haƙoran da za su ji."

Ta tsince tsakuwa daga loma ta ba Kande, sannan ta ci saura. A wannan tuwon haƙorinta na ƙarshe ya fita. Ta tona gindin dutsen ta binne haƙorin.

Shi ya sa har yanzu dutsen niƙa yakan rufe baki sai an koɗa shi, garin farko kuma yakan fito da tsakuwa, a watsa wa kaji. In kun ji ƙwas-ƙwas daga wani gida, ku leƙa, tsohuwa za ku gani a durƙushe. Wanda ya yi sharar yana zaure, yana jiran tuwo.