Makullin Shagon Iya Hansai

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Labarin nan sai kun yi mini shari'a a ƙarshensa, kuma ban yarda wani ya ce bai ji farko ba.

A Unguwar Marina, can cikin gari, an yi wani mutum Malam Jibo, marini ne tun ana yayin shuni. Da ya rasu ya bar matarsa Iya Hansai da 'ya'ya uku. Barira ce babba, mijinta ya rasu, da ɗan injin markaɗe take ci da kanta. Sai Tasi'u, ɗan acaɓa. Sai autansu Nafi'u, yana koyon dillancin gidaje a rumfar wani tsohon dillali, Ɗan Iro. Abin da Malam ya bari a duniya gida ɗaya ne, ginin ƙasa, ɗaki biyar da zaure, sai wani ɗan ɗaki a jikin zauren mai kallon titin kasuwa. Shago ake ce masa, ko da yake an daɗe ba a sayar da ko ashana a ciki ba.

Suka shirya a sayar da gidan a raba gado, kowa ya samu abin rufa wa kansa asiri. Sai dai sun fito da shi a mugun lokaci. Damina ta sauka, kuɗin mutane duk sun shige gona da taki. Masu ɗan hali kuma sun daina son cikin gari, kowa sai sabuwar unguwa bayan tasha, inda ake ginin bulo da ƙofar shigar mota. Ga shi bangon baya ya tsage, kana cikin ɗakin Iya kana hango hasken waje.

Ɗan Iro ya zo duba gida. Ya zaga, ya tsokani bangon da tsinin lemarsa, ƙasa ta zubo. Sai ya taya kuɗin fili kawai, kamar ba a taɓa ɗora ko tubali ɗaya a wurin ba.

Barira ta ce, "Baba Ɗan Iro, gida ne fa, ba kango ba."

Ya ce, "Yau gida ne, 'yata. Ba na sauri. Ki bari Agusta ta zo, ita za ta ƙarasa mana cinikin."

Ya faɗi haka yana dariya, Iya kuwa tana bayan labule a kan sallaya, a cikin ɗakin da ake jira ya faɗi. Ran Barira ya ɓaci. Wato mutumin nan da ya ci tuwon gidan nan ba sau ɗaya ba, zama zai yi ya jira bango ya danne uwarsu don ya samu araha. Kafin sati ya zagayo, dillalan garin duk sun haɗa baki. Ba mai kawo mai saye. Duk wanda ya tambayi gidan sai a ce masa ba shi da takarda, kuma ruwa biyu ya rage masa. Abin da ya fi ƙona mata rai, ƙaninta Nafi'u yana zaune a rumfar, shi ke riƙe wa mutumin lema. Ta tare shi a zaure ta ce, "Je ka ci gaba da riƙe masa. Ranar da za a tono Iya daga cikin ƙasa, sai ka zo da lemar ka yi mana inuwa." Nafi'u ya sa takalminsa ya fita.

To, ga abin da kowa ya yi.

Ita Barira ta san abin da ƙannenta ba su sani ba. Tasi'u cewa ya yi a liƙe tsagar da siminti a shafa fenti, ta ce masa fenti ba ya riƙe bango. Tana 'yar shekara tara ta ga babansu ya rufe wata tsohuwar rijiyar rini a bayan gida. Bai cike ta ba, azara ya jera ya zuba ƙasa, daga baya aka ja bango ta gefenta. Azarar ce ta ruɓe, ruwa ke shiga, bango ke nutsewa. Ta ɗauki injin markaɗenta, abincinta da na 'ya'yanta, ta sayar. Ta nemo Baba Maikano, tsohon maginin da ya rage a garin wanda ya iya laso, shafen bangon nan na gargajiya mai hana ruwa shiga. Aka tokare bangon, aka buɗe rijiyar, aka kwashe katsi, wato baƙin tabon da ke kwanciya a gindin rijiyar rini, don da shi ake haɗa laso. Kuɗin lebura bai isa ba, ita da kanta ta riƙa ɗauko duwatsu a ka daga bakin rafi, kwana goma sha biyu, har ramin ya cika. Aka ɗinke bangon, aka shafe shi da laso tun daga ƙasa har rufi, aka sa sababbin indararo. Ta yashe kwata, ta fitar da tsofaffin tukwane da tarkacen shekara arba'in, ta shafe ɗakuna da farar ƙasa. Hannuwanta suka rine har gwiwa, sabulu ya yi iya yinsa ya bari.

Shi kuma Tasi'u takarda ya sa a gaba, don ya san ko gidan ya koma na zinare ba mai hankalin da zai ba da kuɗinsa ba takarda. Tasu gara ta cinye tare da akwatin da take ciki. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce masa a zamanin da, in an yi cinikin gida, kowane shaida ana rubuta masa tasa ya ajiye. Shaidu uku ne, biyu sun rasu. Saura Liman Gide, wanda ya tsufa ya koma ƙauyensu a hayin gulbi, ba gada, ga damina. Kowa ya ce ya bari sai kaka. Ya ce kafin kaka an gama da su. Ya hau babur ya tafi, ya tura shi cikin ruwa ya haye. Ya samu tsohon ƙafafu sun mutu amma kai garau, takardar kuwa tana cikin gafakarsa, jakar fatar da yake ajiye Alƙur'ani, rubutun ajami, ko tawada ba ta goge ba. A dawowa ruwa ya ƙaru har ƙirji. Tasi'u ya goya tsohon, ya ɗora gafaka a ka, ya haye da su. Da ya juya zai koma ɗauko babur, sai ya hango ruwa ya ci gaɓar da ya jingine shi, ya tafi da shi. Bai ko tsaya kuka ba. Ya samu motar itace ya kawo Liman gaban mai unguwa da alƙali, aka karanta, aka buga hatimi.

A nan ne wata magana ta fito. A bayan takardar akwai layi biyu. Ashe shekarar da Malam Jibo ya sayi gidan ita ce shekarar da ya auri Iya, kuɗinsa suka ƙare, sai ya ba ta ɗan ɗakin nan na bakin titi a matsayin sadakinta. Shagon ba ya cikin gado, nata ne ita kaɗai. Aka juya ana kallon Iya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani. Kunya ce ta hana ni faɗa, kar a ce ina rabon gado da 'ya'yana."

Shi kuwa Nafi'u haɗiye zagin yayarsa ya yi ya ci gaba da zama a rumfar, don a nan kaɗai ake jin wanda ya shigo gari neman gida. Ran nan sai ga wani Bafillace, Alhaji Ja'e. Zaman daji ya gagara, ya sayar da shanunsa zai dawo da iyalinsa gari. Ya ce shi ba ya son ginin bulo, zafi gare shi, gidan ƙasa yake so mai faɗin tsakar gida kusa da kasuwa. Ɗan Iro ya ce masa akwai, amma ya ba shi sati biyu. Nafi'u ya gane lissafin: a karɓe nasu a kuɗin fili, a juya a sayar wa baƙo ninki biyu. Ya kuma san dokar sana'arsu, duk wanda ya ɗauke wa maigidansa mai saye, ba rumfar da za ta sake ba shi wurin zama a garin. Shekara shida yana bauta, saura kaɗan a yaye shi. Duk da haka ya bi Alhaji har kara, kasuwar shanu, inda ya sauka wurin 'yan'uwansa, ya gaya masa komai. Ya ce, "Amma kar ka zo yau, Alhaji. In ka zo da rana za ka ce kwalliya muka yi wa gidan. Ka bari a yi ruwa mai ƙarfi, ka zo ana cikin yi."

Agusta kuwa ta zo. Wata Laraba aka kama ruwa tun da hantsi har la'asar, gida huɗu suka zube a unguwar. Ana cikin haka sai ga Nafi'u da Alhaji Ja'e, sun naɗe wando har gwiwa. Alhaji ya shige cikin gida. Ɗaki ɗaki ya bi yana ɗaga kai yana duban rufi, yana dafa bango da tafin hannu. Ya daɗe a ɗakin Iya. Ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallon yadda ruwa ke bin kwata yana ficewa. Sannan ya ce, "Ina takarda?" Tasi'u ya miƙa. Aka karanta masa. Ya taya kuɗin gida na gaskiya, ba na fili ba. Iya daga bayan labule ta ce, "Mun sallama. Allah ya sa albarka."

Washegari Ɗan Iro ya faɗo zaure ko sallama babu. Ya nuna Nafi'u da lema ya ce in ya ƙara ganin ƙafarsa a rumfar wani dillali a garin nan, shi ba ɗan halak ba ne. Sannan ya ce a ba shi la'adarsa, ai a rumfarsa aka samu mai saye.

Barira ta fito da riniyayyun hannuwanta ta ce, "Baba, ai kai ka ce Agusta ce za ta yi cinikin, kuma ta yi. Je ka wurinta ta ba ka la'ada."

Aka raba gado yadda shari'a ta ce. Kuɗin gida a baki ne yake da yawa. Da aka fitar da tumunin Iya, wato ɗaya bisa takwas, aka kasa, maza kashi bibbiyu, Barira kashi ɗaya, abin da kowa ya samu bai wuce ya kama ɗan wurin kwana a bayan gari ba. Ga su su uku ba mai sana'a a hannu. Sai ido ya koma kan shago. Gida yana iya yin kwantai a garin nan, amma shago a bakin titin kasuwa ko haya ba a samu. Alhaji Ja'e ya ce a haɗa masa da shi, Iya ta ce a'a. Ta ce sadakinta ba na sayarwa ba ne, so take ko bayan ranta a ga jinin Malam Jibo zaune a ƙofar nan. Ɗakin kuwa taku huɗu ne da taku biyar, ba ya ɗaukar sana'a biyu. Ta ce wanda ya ceci gidan a cikinsu, shi za ta ba makulli.

Nan zaure ya ɗauki zafi.

Barira ta ce, "Ku dubi hannuna, ku dube shi da kyau! Da ban ɗinke bangon nan ba, ranar Laraba me Alhajin naka zai dafa? Taɓo? An ba ni rabin naku na yi shiru, don Allah ne ya ce. Wannan kuwa ba Allah ne ya ce ba."

Tasi'u ya ce, "Yaya, ba na raina aikinki. Amma wa ya san ma shagon na Iya ne? Da yanzu an haɗa an sayar. A bayana na goyo Liman daga hayin gulbi, ruwa har nan. Ke injinki sayarwa kika yi aka ba ki kuɗi. Ni nawa kifi ke hawa."

Nafi'u ya ce, "Ku gama tukuna. Gida ya gyaru, takarda ta fito, sannan me? Wa ya zo? Sati uku ko kare bai leƙo ba. Inji ana sayen wani, babur ana sayen wani. Ni a ina zan sayo shekara shida? Kuma Yaya, har yau ba ki janye maganar lemar nan ba."

Ran Barira na tafasa, amma ta san maganar ta same ta. Ta dubi Tasi'u, tun da ya dawo daga gulbi tari bai sake shi ba. Ta dubi autan, wanda yanzu in ya bi ta kasuwa abokan zamansa kau da kai suke yi. Ta sake duban hannuwanta. Ba ta janye ba, su ma ba wanda ya janye.

Iya Hansai tana zaune, makulli ɗaure a bakin zaninta, ta kwance ta ɗaure, ta kwance ta ɗaure. Jibi Alhaji Ja'e zai tare da iyalinsa, dole kafin nan a san mai shago. Ɗan Iro kuwa tun safe yake giftawa ta titin da lemarsa, yana jiran 'yan'uwa su ɓata, tsohuwa ta gaji ta ce a sayar.

To, ku da kuka ji tun farko, kar ku ce mini a raba, ɗakin ba ya rabuwa. Wadda ta tsai da bango, ko wanda ya goyo shaida, ko wanda ya kawo mai saye: a hannun wa Iya za ta sa makullin nan?