Garin Da Mas'udu Bai Tafi Yaƙi Ba

Akwai wani masaƙi a Bungudu mai suna Jibo, shekaru kaɗan bayan yaƙin Kamaru. Kowace ranar kasuwa yana saƙa yana ba da labari guda, yana ɗorawa daga inda ya tsaya. A labarinsa Turawa ba su taɓa zuwa ba. Ba a ɗebi samari dakon kayan soja ba. Wani saurayi, Mas'udu, yana nan yana noma a ƙauyen Kekun Waje.

Gefen rumfar Jibo, Inna Shafa'atu ke sayar da daddawa. Mas'udu ɗanta ne na fari, yana cikin waɗanda aka ɗiba, bai dawo ba. Saboda kunyar ɗan fari ba ta faɗin sunansa, ko kukansa ba ta yi a gaban mutane ba. Sai dai ta ce, "Jibo, manomin nan naka, ya yi aure kuwa?"

Ran nan Malam Sahabi ya zo daga Gusau. Mutum ne mai kiyaye tarihi, ba ya barin kuskure ya wuce.

Ya ce, "Kai masaƙi, zare ya ƙare ka koma saƙa ƙarya? Turawa sun zo, muna gani. Mas'udu kuwa tare muka tafi, ni na sa shi a rami!"

Inna ta rufe ƙwaryarta ta tafi. Kasuwa ta sake ci, ba ta fito ba. Aka ce ko kunu ba ta sha.

Jibo ya samu malamin ya ce, "Ai ta sani, Malam. Ita ta karɓi rigarsa. A labarin nan kaɗai take jin sunan ɗanta ba ta sunkuyar da kai ba."

Washegari Malam Sahabi ya bi Jibo har zauren Inna. Jibo ya ɗaga murya ya ɗora labari, ya ce Mas'udu ya sayi doki.

"Kuskure ne," in ji Malam. "Ba doki yake so ba. A hanya kullum cewa yake, in ya koma, saniya zai saya wa innarsa."

Can daga ciki Inna ta ce, "Wace iri?"

"Fara, Inna."

"To ku jira in dama kunu, ku faɗa min sauran."

Darasi: Gaskiya abar riƙewa ce, amma kafin ka gyara maganar wani, duba wanda ya jingina da ita. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai bukata.