Shinkafar Magdalina a Kwata

Rukayat mace ce mai son a ce ta fi kowa. A gidan hayar da suke zaune a Minna, ƙofarta na kallon ta Magdalina, 'yar Kudancin Kaduna mai sayar da doya a Kasuwar Kure. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka. Duk Babbar Sallah, Magdalina ce ke fito da ƙatuwar tukunyarta ta wuni tana suyar naman layyar Rukayat, hayaƙi na cin idonta, ita kuwa gimbiya tana ɗaki da baƙi. Duk Kirsimeti kuma, Magdalina ba ta yarda kowa ya yanka akuyarta sai Suleiman, mijin Rukayat, don Musulmin gidan su ci hankali kwance.

Kirsimetin bara Rukayat ta yi baƙi, wasu ƙawaye 'yan gayu da take son burgewa. Magdalina ta yi sallama da kula cike da shinkafa da nama.

"Maman Sadiya, ga naku. Yi haƙuri na makara, sai da na jira Baban Sadiya ya dawo ya yanka."

Ɗaya daga cikin baƙin ta taɓe baki. "Au, Rukayat, har abincinsu kike ci?"

"Wa? Ni? Allah ya kiyaye!"

Ta fizgi kular, ta fita tsakar gida, ta juye a kwata. Jama'a, abinci fa! Akuyar da baiwar Allah ta yi shekara tana kiwo, kuma yankan mijinki da hannunsa! Wallahi ba addini ba ne wannan, tsabar rashin mutunci ne. Magdalina ta sunkuya ta ɗauki kularta, hawaye na zuba, ta koma ɗakinta.

Da Suleiman ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. "Ki je ki ba ta haƙuri tun wuri," in ji shi. Rukayat ta yi kunnen uwar shegu.

Sallah ta zo cikin damina. Suleiman da 'yan'uwansa suka yi tarayyar sa, rabonsa ya cika baho biyu. Ciki har da kason mahaifiyarsa, wadda za ta zo daga Kagara ran uku ga Sallah. Rukayat ta yi ta leƙen ƙofar Magdalina, shiru. Sauran matan gidan, da aka yi abin a kan idonsu, kowa ta kama harkar gabanta. Taku biyar ne tsakaninta da ƙofar nan, amma girman kai ya hana ta ƙwanƙwasawa. Ga ba wutar lantarki balle a sa a firiji, ga 'yar tukunyarta kamar ta dafa indomi. Ta yi suyar sama-sama, ta tura sauran bayan ƙofa.

Ran da surukarta ta iso, wari ne ya tarbe ta. Tsohuwar ta buɗe baho, ta yi salati.

"Naman ibada kika bari ya ruɓe? Ina Magdalina?"

Haka Rukayat ta kinkimi bahon, 'yan gida na kallonta, ta kai shi bakin kwatar nan dai. Tana cikin juyewa Magdalina ta fito za ta kasuwa. Ta tsaya, ta dube ta, ta ce a hankali, "Barka da Sallah, Maman Sadiya." Ta wuce.

Darasin a fili yake. Maƙwabcin da ya girmama addininka har ya gyara bikinsa dominka, kada ka wulaƙanta shi don burge baƙon da zai tafi da yamma. In ka yi kuskure, ka ba da haƙuri tun kafin ranar taka bukatar ta zo.