Yatsun Zulaihat

Akwai wani attajirin goro a unguwar Sabo da ke Ibadan, Alhaji Babandi. Allah ya ba shi 'ya, Zulaihat, wadda zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana goye. Ci da sha da sutura bai rage ta da komai ba, har makarantar kurame ya sa ta. Amma hira da ita? In ta ɗaga hannu za ta yi masa magana, sai ya ce, "Je wurin innarki."

A gidan, yayanta Ridwan kaɗai ya iya maganar hannu, shi kuma ya tafi karatu Sudan.

Wajen 1999 wani Manniru ya buɗe shagon kwamfuta a unguwar Mokola. Kullum aka tashi makaranta sai ya ga Zulaihat manne da taga tana leƙe. Bai kore ta ba. Ya ja mata kujera, ya nuna mata yadda ake aika saƙon imel, ya nemo mata adireshin Ridwan.

Da labari ya kai kunnen Alhaji, a fusace ya hau okada.

"Oga Manniru, kurma me za ta yi da wannan abu? Tashi mu tafi!"

"Alhaji, don Allah dubi hannunta tukuna."

Ya duba. Yatsun nan gudu suke kan maɓallai kamar ruwan sama a kan kwano. Tana dariya ita kaɗai, ba ta ma san ya shigo ba.

"Da wa take magana?"

"Da Ridwan. Ga amsarsa ta jiya, daga Sudan."

"Daga Sudan? A cikin akwatin nan? Ikon Allah! To me take ce masa?"

Manniru ya taɓa kafaɗarta, ya nuna mata mahaifinta. Ta gyaɗa kai alamar ta yarda a karanta masa. Ya karanta:

"Yaya, Baba yana tari da asuba, ina ganin ƙirjinsa. Ka ce masa ya je asibiti. Ni in na faɗa ba ya kallona."

Alhaji ya jawo benci ya zauna kusa da ita, hawaye na sauka cikin gemunsa.

"Manniru, rubuta mata. Ka ce gobe ita za ta raka ni asibitin. Ka kuma tambaye ta, yaya ake cewa 'yi haƙuri' da hannu?"

Zulaihat ta karanta. Ta kama hannun mahaifinta, ta shiga lanƙwasa masa yatsu.

Darasi: Yaro mai naƙasa yana da abin faɗa, hanya yake nema. Kada ku hana su ilimin zamani, kada ku kau da kai daga gare su. Ku tura wa iyaye su karanta.