Daɓen Katakon Inna Baiwa

Akwai wani magidanci a garin Matameye mai suna Cha'ibu. Kowace shekara, da zarar hatsi ya shiga rumbu, sai ya tafi cin rani Abuja, inda yake aikin fenti a gidajen manya. Yana son mahaifiyarsa, Inna Baiwa, wannan kowa ya shaida. Sai dai shi ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce masa a'a.

A wani gida da ya yi aiki ne ya ga daɓen katako, wanda ake ce wa parke. Ƙananan katakai ne ake jerawa a ƙasa, a goge su har mutum ya ga fuskarsa. Nan take ya ce a ransa, in Allah ya yarda sai Inna ta taka irin wannan.

Da bazara ya dawo da kwalaye goma sha biyu na katakon a saman mota. Ya sa aka zuba sabon siminti a ɗakin Inna, sannan ya kira Malam Tanko, tsohon kafintan unguwarsu.

Tanko ya juya katako ɗaya a hannu, ya shinshina shi, ya ce, "Kaya ya yi kyau. Amma simintin nan bai bushe ba, a ba shi sati uku. Kuma in mun zo shimfiɗawa, sai mun bar wurin yatsa ɗaya tsakaninsa da bango. Katako yana shan iskar damina ya kumbura, dole a bar masa inda zai miƙe."

Cha'ibu ya yi dariya. "Haba Baba Tanko! Kai da aikinka bai wuce benci da teburin mai shayi ba, ina ka san parke? Ni a Abuja ban ga rami ko ɗaya ba. A matse shi da bango, kuma jibi nake so a gama."

"To shi ke nan. Amma ka tambayi mai ɗakin?"

Cha'ibu ya leƙa zaure inda tsohuwar take zaune, ya ce, "Inna, ai kina so ko?"

Inna ta kau da kai, ta ce, "Allah ya yi albarka."

Tanko ya dube ta, ya dubi ɗanta, ya ɗauki gudumarsa. Kwana biyu aka gama. Ɗaki ya yi kyau ƙwarai, mutane suka riƙa zuwa kallo daga bakin ƙofa.

Sai doka ta biyo baya. Ruwa ba ya taɓa parke, don haka aka fitar da randar Inna da butarta. Kaskon turaren wuta zai ƙona shi, shi ma aka fitar. Jikoki suna shigowa da yashi a ƙafa, aka hana su. Ƙawayenta tsofaffi, waɗanda suka saba zuwa da hantsi su baje tabarma suna ɓarar gyaɗa suna hira, suka zo sau biyu suna takawa kamar masu tsoron ƙaya. Daga nan ba su sake zuwa ba.

Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, fita tsakar gida aiki ne a wurinta. Sai ta koma wuni a kan gado, ƙafafu a naɗe, tana jan carbi tana kallon ƙasa mai ƙyalli.

Basira, matar Cha'ibu, ta ce masa, "Maigida, Inna fa ta rame. Ko tuwo ba ta cinyewa."

"Wace irin rama? Duk Matameye wace tsohuwa ke da ɗaki irin nata?"

Wata rana Inna ta riƙe hannun Basira, ta yi ƙasa da murya. "Ɗiyata, ki maido mini ƴar randata bayan ƙofa. Ƙishi na kama ni, ina jin nauyin yi miki ta kira. Kada ki faɗa wa mai gidanki."

Basira ta shimfiɗa tsumma, ta ɗora randar. Randar ƙasa kuwa kun san halinta, kullum cikin tsatsar ruwa take.

Damina ta kankama. Cikin watan takwas aka yi kwana uku ana ruwa. A rana ta huɗu, bayan azahar, Inna ta tura ƙofa ta rufe don ta ɗan kishingiɗa. Sai gidan ya ji ƙara, ƙas! Katakon bayan ƙofa ya taso ya yi tozo kamar na bijimi, randa ta kife. Ƙofar ta ƙarfe ce, ciki take buɗewa. Tagar kuma sandunan ƙarfe ne, hannu kaɗai ke wucewa.

Cha'ibu ya sa kafaɗa, maƙwabta biyu suka taya shi. Duk turawar da suka yi sai katakon ya ƙara cijewa. Aka kira la'asar, Inna na ciki, babu ruwan alwala, ga ta tsohuwa mai buƙatar kewayawa, ga maza cike da tsakar gida. Cha'ibu ya san wanda ya kamata a kira, amma bakinsa ya yi nauyi. Basira ce ta yafa mayafi ta tafi da kanta.

Tanko ya zo da kurfi da guduma. Ya duba kawai ya ce, "Sai an sassaƙe bango an cire ƙofar gaba ɗaya. Za a ɗan jima. Ku mazan nan ku koma zaure."

Cha'ibu ya je taga, ya riƙe sandunan. "Inna, ki yi haƙuri. Yanzun nan za a buɗe ki."

A karo na farko tun yana yaro, Inna ta dube shi ido cikin ido.

"Kada ka damu, yaro. Ba yau aka rufe ni ba. Wata uku ke nan ina rufe, yau dai ƙofar ce ta faɗa maka."

Gudumar Tanko ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Kafin magariba ƙofa ta fita. Basira ta riƙo Inna suka wuce bayan gida. Cha'ibu ya karɓi kurfin daga hannun Tanko, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ya durƙusa, ya soma ɓamɓare katakon da kansa, ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda ba su lalace ba, Tanko ya shimfiɗa su a ɗakin Cha'ibu bayan damina, da wurin yatsa ɗaya a jikin bango. Har yau suna nan lafiya. Ɗakin Inna kuwa siminti ne da tabarma. Randa na kusurwarta a kan yashi, ɓawon gyaɗa ko'ina, dariyar tsofaffi har titi.

Darasi: Kafin ka yi wa mutum alheri, ka zauna ka san abin da rayuwarsa take buƙata, musamman iyaye, waɗanda kara kan hana su cewa a'a. "Allah ya yi albarka" ba kullum take nufin "ina so" ba. Kuma kada ganin birni ya sa ka raina shawarar mai sana'a na gida. Ku tura wa ƴan'uwanmu da ke cin rani, wataƙila akwai mai shirin sayo wa tsohuwarsa abin da bai tambaye ta ba.