Jitar Malam Jatau

Ku gyara zama, ga wata nan gare ku, sai dai wannan ba ta dariya ba ce.

A garin Jos an yi wani makaɗi, Malam Jatau Maijita. Ba jitar biki yake kaɗawa ba. Tasa zama ake yi da ita a kan cinya, hannun hagu na danne tsirkiya, faratan dama na jan ta a hankali, ba waƙa, ba ganga, ita kaɗai take magana. Da ƙuruciyarsa ya kaɗa a gidan rediyo, ya kaɗa a Ikko da Ankara. Da ƙafa ta gaji da yawo sai ya dawo gida yana koyarwa a zaure. Wanda ya taɓa bi ta layin nan da yamma, har yau in hadari ya taso sai ya ji kamar sautin na biyo shi.

Tun rasuwar matarsa Asabe, ƙanwarsa Goggo Lanti ce ke riƙe da gidan. Kullum faɗansu ɗaya ne.

"Yaya, dattijo da kai, da farata kamar shaho?"

"Lanti, da su kike cin tuwo."

Wata rana ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya faɗi da jitar a hannu, cikinta ya tsage. Da aka dawo da shi daga asibiti, Goggo ta yi masa abin da ake yi wa mara lafiya: wanka, aski, ran Juma'a kuma ta sa reza ta yanke masa farata tas. Ya ɗaga hannun ya duba, ya juya fuska bango. Daga ranar ya daina magana, ya daina karɓar abinci. Likita ya ce jikin zai iya tashi, mai jikin ne ya ƙi. Goggo ta ga ɗan'uwanta na tafiya a gabanta, sai ta aika wa tsofaffin ɗalibansa. Uku suka zo.

Na farko Bawa. Shi ne Malam ya taɓa ce wa, "Yatsunka na katako ne, je ka nemi katako," ya kuwa zama kafinta. Ya ɗauki jitar kamar jariri ya tafi da ita. Sabon itace ba ya ba da murya, don haka ya fasa akwatin mahaifinsa marigayi, abu ɗaya da ya gada, ya fere shi har ya yi siriri kamar ganye, ya toshe tsagar daga ciki. Da ya dawo da ita ya ƙwanƙwasa bayanta, Goggo ta ji muryar da ta sani.

Ta biyu Kyauta, wadda ba ta yi nisa a kiɗa ba, ɗinki ya ɗauke ta. Tana shiga ta kama hannun Malam.

"Goggo, wa ya yi wannan?"

"Ni mana. Ko so kike ya kwanta da dauɗa?"

"Ai bakinsa kika yanke, Goggo."

Ta ɗauke rezar ta jefa a jakarta. Kowace safiya sai ta zo ta shafa wa yatsun man kaɗe, da faratan suka fito ta riƙa goge su da samfefa mai laushi, yadda ta sha ganin yana yi. Kuma ita kaɗai ke riƙe da kiɗan da Malam ya yi wa Asabe. Bai taɓa koya wa kowa shi ba, bai rubuta ba. Kyauta ta haddace shi ne lokacin da take zama wajen Asabe suna tsince shinkafa, shi yana kaɗawa a zaure.

Na uku Nuhu, wanda ya yi suna har ƙasashen waje. Ya bar wasannin da ake jiran sa, ya hau jirgi ya dawo. Kyauta na rera masa kiɗan da hanci, shi yana lalubo inda yatsu za su sauka, har ya zauna masa. Sannan ya yi abin da ya fi masa wuya: mutumin da ya saba zama shi kaɗai a gaban jama'a ya koma bayan tsoho, ƙirjinsa a gadon bayan Malam, ya zagayo da hannunsa na hagu ya riƙe wuyan jitar.

Bayan la'asar ne, ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi. Suka ɗora jitar a cinyar Malam. Ya daɗe bai motsa ba. Can sai babban yatsansa ya sauka. Nuhu ya danne, Malam ya ja, kiɗan Asabe ya fito yana ɗingishi, sannan ya miƙe. Goggo na bakin ƙofa, ta rufe fuska da gefen mayafi.

Da suka kai tsakiya, Malam ya buɗe baki, harshen da nauyi.

"Nuhu. Har yanzu gaggawa."

Da suka kai ƙarshe ya ce, "Lanti, akwai kunu?"

Ya ci sauran daminar nan, ya ga kaka. Kullum da yamma mutum biyu na kaɗa jita ɗaya, masu wucewa na rage tafiya kamar dā. Ranar da ciwon ya taso masa na ƙarshe, ya riƙe hannun ƙanwarsa ya ce, "Kar ki rataye jitar a bango. Ki ba ɗaya daga cikinsu." Ta ce, "Wa, Yaya?" Ya yi murmushi, ya rufe ido. Allah ya jiƙansa.

Da aka share makoki, su ukun suka zauna a zauren, babu wanda ya roƙa, babu wanda ya ɗauke ido daga kan jitar. Goggo Lanti ta rungume jitar tana duban su. Ba don Bawa ba, da babu abin kaɗawa. Ba don Kyauta ba, da babu farce, babu kiɗan. Ba don Nuhu ba, da hannu ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ba ya kaɗa jita.

To, ku da kuka ji, a cinyar wa Goggo Lanti za ta ajiye ta?